Mota na zubar da mai: tambayoyi da amsoshi kan kuɗin gyara a Yamai

Waɗannan su ne tambayoyin da masu mota a Yamai suka fi yi idan sun wayi gari sun ga tabon mai a ƙarƙashin mota, ko kuma makanike ya faɗa musu kuɗin da ya sa suka yi shiru. Mafi yawan misalan na Toyota ne, don su suka cika titunanmu, daga Starlet da Corolla na ƴan taksi masu jan kai har Hilux da Land Cruiser na masu shiga daji.

Na ga tabo a ƙasa. Ta yaya zan san wane mai ne ke zuba?

Kada ka ɓata lokaci da tabon da ke kan ƙasa, yashi na shanye mai ya mai da kowane iri baƙi. Nemi katon mai faɗi, irin na taliya ko na sabulu, ka buɗe shi ka shimfiɗa ƙarƙashin gaban motar da dare bayan ka dawo, ka danne gefensa da duwatsu saboda iska da awaki. Da safe, kafin ka jawo shi, ka yi alama da biro a inda ƙafafun gaba suke. Sannan ka fito da shi cikin haske, ka shafa ɗigon da yatsa, ka shinshina.

Man inji launin zuma ne idan sabo ne, baƙi idan ya yi aiki, na motar gazuwal kuwa ba ya jimawa yake zama baƙi ƙirin. Man bwat otomatik, wato akwatin giya mai canza kansa, ja ne, ya fi na inji ruwa-ruwa, in ya tsufa sai ya koma ruwan ƙasa. Man bwat ta hannu da na fon, wato akwatin haƙoran da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafu biyu, yana da kauri da wari mai hawa kai, warin farar wuta. Ruwan radiyater kore ne ko ruwan hoda. In ruwa ne fari tas a ɓangaren fasinja bayan ka yi tafiya da kilim a kunne, wannan ba ciwo ba ne, aikin kilim ne.

Abu biyu ke rikita mutane. A tsofaffin Toyota da yawa man sitiyari shi ma ja ne, iri ɗaya da na bwat, don haka jan ɗigo ba shi ke nuna bwat ce ta lalace ba. Na biyu man birki: fari-fari ne mai santsi, yakan fito ta cikin ƙafa. In shi ne, motar ba ta fita daga gida sai an gyara.

To, nawa ne gyaran?

Duk wanda ya ba ka farashi ta waya bai ga motar ba, kintace ya yi. Kuɗin yoyo kashi uku ne: kuɗin piyes ɗin da ya lalace, kuɗin man da za a zubar a sake zuba sabo, da ladan aiki. A cikin ukun nan piyes ne yawanci ya fi araha, don galibi roba ce ko wani siririn juwan, wato abin da ake shimfiɗawa tsakanin ƙarafa biyu don kada mai ya fita. Abin da ke cin kuɗi shi ne hanyar da za a bi kafin a kai ga robar. Akwai wadda da an ɗaga bonet ga ta nan, akwai wadda sai an sauke bwat ɗungurungum kafin a gan ta. Farashin robobin biyu a kanti na iya zama kusan ɗaya, amma aikin ɗaya awa guda ne, na ɗayar wuni cur da yara biyu ko uku a ƙarƙashin mota.

Saboda haka tambayar da ya kamata ka fara yi wa makanike ba “nawa ne” ba ce. Ka ce masa: “Daga ina yake fitowa, kuma me da me za ka kwance kafin ka kai wurin?” Amsar da ya ba ka ita za ta nuna maka ko aikin na ƴan jikkuna ne ko na gommai.

Waɗanne ne masu sauƙin kuɗi?

Na farko bushon ɗin bidanji, wato ƙusar da ake kwancewa a zubar da tsohon mai in za a sake shi. Akwai wani ɗan zoben ƙarfe mai laushi, na alminiyom ko na jan ƙarfe, da ke zama tsakanin bushon da kartar (kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji), kuma ƙa’ida ita ce a sake shi duk bidanji. A garejinmu da wuya a sake shi. Yaro ya ga yana naso, sai ya ƙara ɗaurewa da ƙarfi, wata rana zaren kartar ya cinye. Zoben kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba, amma in zare ya tafi sai an yanka sabo ko a sauke kartar.

Na biyu filtir ɗin mai: ko ba a ɗaure shi da kyau ba, ko robar tsohon ta maƙale a jikin inji aka ɗora sabo a kanta. In yoyo ya fara washegarin bidanji, nan za a fara dubawa, kuma wanda ya yi bidanjin shi ya kamata ya gyara ba tare da ka ƙara ko dala ba.

Sai ɗan mabuɗin da ke kunna fitilar mai, wanda yake tsagewa ya riƙa zubarwa, da juwan ɗin murfin saman inji, wanda shi ne ya fi kowanne yawa a motocin da suka tsufa. Alamarsa warin ƙonannen mai idan ka tsaya a fitilar hanya, don man na gangarowa kan bututun hayaƙi mai zafi, wani lokaci kuma ya cika ramin buji har mota ta fara rawa. Aikin awa ɗaya ne zuwa biyu a inji mai silinda 4. A V6 yakan fi haka, saboda sai an cire kayan sama kafin a kai ga murfin baya. Masu Corolla da Avensis masu injin 1ZZ su riƙe wannan: akwai wata ƴar roba a jikin abin da ke ɗame sarƙar inji, ta bayan inji ɓangaren bel, an san ta da yoyo, kuma sau da yawa a kan ɗora laifin a kan abin da ya fi ta tsada nesa ba kusa ba.

Me ya sa aka ce sai an sauke bwat saboda roba guda?

Wannan juwan sifi ne na bayan inji, wanda ke zagaye da ƙarshen bilbirakan (babban ƙarfen da ke juyi cikin inji) a daidai inda inji ya haɗu da bwat. Babu wata hanyar kai wa gare shi sai an raba su. A motar da ke jan gaba za a kwance ƙafafu, a zare kardan biyu (sandunan da ke kai juyi daga bwat zuwa ƙafafu), a tallafe inji, a sauke bwat, a cire ambirayaji (kuloci) da faifan da ke bayansa. A Hilux ko Land Cruiser mai jan ƙafa huɗu har da akwatin taransifar, mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, da dogayen shaf. Shi ya sa kuɗin ke tashi, ba zalunci ba ne.

Amma tunda an riga an biya kuɗin saukewa, hankali shi ne a yi duk abin da ke wurin lokaci guda. In bwat ta hannu ce, a duba faifan ambirayaji, don in mai ya jiƙa shi zai riƙa zamewa, wanki ba ya dawo da shi. In otomatik ce, a sake robar gaban bwat ɗin ita ma. Wanda ya ƙi sayen faifai yau don ya rage kuɗi, bayan wata shida zai sake biyan ladan saukewa daga farko.

Haka lissafin yake ta gaba. Robobin gaban inji suna bayan bel ɗin distiribisiyon (wanda ke daidaita buɗewa da rufewar bawul) a injuna masu bel, irin 2KD na Hilux, wanda Toyota ta ce a sake bel ɗinsa a kilomita 150,000. Mai na cin robar bel, in ya tsinke ana cikin tafiya ɓarnar na shiga cikin inji. In za a buɗe wurin, a haɗa bel da robobin a aiki ɗaya.

Makanike ya leƙa ƙasa ya ce robar baya ce. In yarda?

Kada ka yarda sai an wanke inji. A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Yoyon mota kamar yoyon ɗaki ne da damina, inda ruwa ke ɗiga ba nan hujin kwano yake ba. Mai na fitowa daga sama, ya bi jikin inji ya gangara, iskar tafiya ta tura shi baya, ya taru a wuri mafi ƙasa, wato daidai mahaɗar inji da bwat. Ƙurar hunturu ta zo ta manne a kai, komai ya zama baƙin laka guda. Mai ido nawa ne zai gane asalin wurin a haka?

Abin da ake yi shi ne a kai mota lawaji a wanke inji sama da ƙasa, a rufe altarnater da kan wayoyi da leda, kuma kada a watsa ruwa a inji mai zafi. A bari ya bushe sarai. Sannan a yi tafiyar minti ashirin ko talatin, a hau rami da tocila, a fara dubawa daga sama zuwa ƙasa. Wuri mafi tsawo da ya jiƙe shi ne mai laifi. In yoyon siriri ne, wasu tsofaffin makanikai kan barbaɗa farar hoda a wurin da suke zargi, washegari a ga layin mai ya fito ɓaro-ɓaro a cikinta. Kuɗin wankin nan ƙarami ne, kuma yakan mai da aikin da aka ce na sauke bwat ya koma na juwan ɗin murfi.

Makaniken da ya ce “a wanke tukuna, ka dawo jibi mu gani” ya fi wanda ya ɗauko sifana nan take, ko da na biyun ya fi fara’a.

Yoyon bwat otomatik ya fi na inji hatsari ne?

A wajen aljihu, sau da yawa e. A inji, aikin mai shi ne shafawa da sanyayawa. A otomatik kuwa man ne ke aikin: shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa, shi ke matse faifan da ke canza giya. In ya ragu sai matsi ya faɗi, faifan su riƙa zamewa suna ƙonewa. Za ka sa giya mota ta yi jinkiri kafin ta ɗauka, ko inji ya yi ƙara gudu bai ƙaru ba, ko ta riƙa dukan giya. Kuma babu fitilar da ke gaya maka ya ragu a yawancin motoci. Lokacin da ka ji warin ƙuna a jikin sandar awo, ɓarna ta riga ta fara.

Wuraren da take zubarwa ba su da yawa. Juwan ɗin kartar bwat da tiyo biyu da ke kai mai radiyater su ne masu sauƙi. Robobin da kardan ke shiga matsakaita ne, sai an zare kardan. Robar gaba, ta wajen konbatiser (gangar da ke tsakanin inji da bwat), ita ce mai sauke bwat.

Akwai kuma yoyon da ba ya sauka ƙasa. A motoci da yawa man bwat na ratsa ƙasan radiyater don ya huce. In bangon da ke tsakani ya huje, ruwa da mai su haɗu, sai ka ga man ya zama fari-fari ruwan hoda mai kauri. In ka ga haka kada ka ƙara tayar da motar, ruwa na ɓamɓare fatar faifan bwat. Kuma in za a ja ta zuwa garaji, kada a ja ta da igiya tafiya mai nisa ƙafafun da ke jan ta suna ƙasa, don famfon man bwat ba ya aiki sai inji na kunne. A ɗora ta bisa babbar mota.

Jan mai duk ɗaya ne, ko ba haka ba?

Ba ɗaya ba ne, kuma wannan kuskuren ya kashe bwat da yawa a garin nan. Tsofaffin motoci na shan Dexron. Toyota na farkon shekarun 2000 da yawa na son T-IV, waɗanda suka biyo baya kuma WS. Bwat irin ta CVT, da ke cikin ƙananan motoci da yawa na baya-bayan nan, manta daban ne kwata-kwata, in aka zuba mata na otomatik na gama-gari ba ta daɗewa. Sau da yawa an rubuta irin man a jikin sandar awo ko a littafin mota. Ka karanta da idonka, ka sayi galan a rufe, a buɗe shi a gabanka.

Wajen lissafin kuɗi ka sani cewa in an kwance bushon, kusan lita 3 zuwa 4 ne ke fita a ƙaramar mota, sauran na maƙale a cikin konbatiser. In aka rubuta maka lita 8 alhali juwan ɗin kartar kawai aka sake, ka tambayi inda sauran suka shiga. Awonsa ma daban yake: a yawancin Toyota masu sanda ana aunawa inji na kunne, mota ta yi zafi, giya na kan P. Sababbi da yawa ba su da sandar ma, sai ta wani bushon na gefe a wani zafi ƙayyadadde, kuma ba kowane garaji ya iya wannan ba.

Ba zan iya ci gaba da ƙara mai ba, in bar gyaran?

Ya danganta. In naso ne kawai, wuri ya yi damshi ba ya ɗiga, kuma sanda ba ta sauka tsakanin bidanji da bidanji, ka bar shi kana sa ido. Tsohuwar mota mai irin wannan ba ta ƙirguwa, kuma ba kowane damshi ne ya cancanci a kwance inji ba.

In yana ɗiga, yi lissafi. Mu ƙaddara lita ɗaya jika 3 ce, kuma kana ƙara lita guda duk mako biyu. A shekara lita 26 ke nan, jika 78, ban da bidanji. Ka sa farashin da kake saye da shi a gurbin nawa ka ga abin da zai fito. Ƴan taksi da yawa na biyan kuɗin gyaran nan sau biyu a shekara ba su sani ba, don a rubu’in lita suke biya kullum safiya. Ban da wannan, mai na narkar da robobin da ke riƙe inji da na ƙafafu, yana shiga altarnater, in ya samu bututun hayaƙi mai zafi kuma gobara ba ta da nisa.

Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a sandar awo kusan lita ɗaya ce a yawancin ƙananan motoci, alhali injin Corolla duka bai cika shan lita 4 ba. Wanda ya bari ya sauka ƙasa da alama ya riga ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Mai na raguwa amma babu ko ɗigo a ƙasa. Ina yake zuwa?

Inji ke ƙona shi. Ka sa wani ya tsaya bayan motar da safe ka tayar: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce. Injin 2AZ na wasu Camry da RAV4 an san shi da wannan saboda zobban fistan. Wannan ba aikin juwan ba ne, kada ka biya kuɗin yoyo a kansa.

Orijin (na kamfanin motar) zan saya, ko adaptabil (na wani kamfani), ko okaziyon (na hannu)?

Roba da juwan ba a sayen okaziyon, ko kyauta ne. Robar da ta riga ta sha zafi a wani inji ta bushe. Okaziyon na da amfani ga ƙarfe: kartar da dutse ya fasa, murfin inji, tiyon ƙarfe, ko bwat sukutum in taka ta ƙone. Irin waɗannan ana samunsu wajen masu tsofaffin kayan mota a kasuwar feray da ta Katako. In bwat ce, ka tabbata lambarta ta yi daidai da taka, ka ja sanda ka shinshina man, ku yi magana a gaban shaida kan kwana nawa za a karɓa in ba ta yi ba, kuma a sake robobinta kafin a ɗora, tunda tana ƙasa.

Tsakanin orijin da adaptabil, ga yadda nake gani. Inda aikin sa wa mai sauƙi ne, kamar murfin sama, adaptabil mai kyau ya isa, in ya ba da kunya asarar kaɗan ce. Inda sai an sauke bwat, ka nemi mafi kyawun da za ka samu. Araha ba ta ado a nan, don ragin ƴan jikkuna a kan roba na iya jawo maka biyan aikin wuni sau biyu. Sai dai kwali mai jan rubutun Toyota ba shaida ba ce, jabu sun iya kwali fiye da yadda suka iya roba. Ka je da lambar shasi wurin mai kantin da zai yarda ya karɓi kayansa in bai yi ba.

Me ya sa kayan gyara suka ƙara tsada haka?

Kusan duk abin da ke cikin mota daga waje yake zuwa. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, fetur da gazuwal da gas take ba mu, man inji da na bwat da robobi kuwa shigo da su ake yi. Shekara da shekaru hanyarsu ita ce tashar Kwatano, su hauro ta Malanbil su ƙetare gada zuwa Gaya. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma bin Lome su ratso Burkina Faso, hanya mai tsawo da jiran rakiya, kuma kowane kwana da babbar mota ta yi a hanya yana hawa kan farashin abin da ta ɗauko. Kayan da ke shigowa daga Najeriya kuma suna bin hawa da saukar naira. Sefa dai a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, don haka kayan Turai ba canji ke motsa su ba, sufuri da kwastan ne.

Silikon fa? Da maganin da ake zubawa ya toshe yoyo?

Silikon na da wurinsa. Kartar ɗin injunan Toyota da yawa tun daga masana’anta da irin wannan manne aka haɗa shi, babu juwan. Amma siririn layi ake ja a kan ƙarfe mai tsabta, busasshe, a ba shi lokaci ya kama kafin a zuba mai. Abin da ake gani a wasu garejin shi ne a lafta shi har ya tumbatso. Wanda ya tumbatso ta waje muni ne kawai. Wanda ya tumbatso ta ciki yana gutsurewa ya toshe rariyar famfon mai, inji ya mutu da ƙishi alhali kartar cike yake. Shafa silikon ta waje a kan wurin da ke zuba kuwa ɓata kuɗi ne.

Maganin gwangwani kumbura roba yake yi. Yakan rage naso na ɗan lokaci, ba ya ɗinke robar da ta tsage, kuma ban ba kowa shawarar zuba shi a bwat otomatik ba. Komawa mai mai kauri irin 20W-50 na iya rage ɗiga a tsohon inji, amma injunan Toyota masu VVT-i (tsarin da ke amfani da matsin mai wajen daidaita bawul) hanyoyin mansu sirara ne, an yi su ne don mai mara kauri.

An gyara, bayan wata biyu ya dawo. Laifin wa?

Ko robar jabu ce, ko an buga ta a karkace, ko ƙarfen da take kamawa ya ci har ya yi layi. Amma akwai sanadin da ake yawan mantawa: numfashin inji. Akwai wani ɗan bawul a murfin sama da ke fitar da iskar da ke taruwa cikin inji. In ya toshe da dauɗa, iskar ta rasa mafita, sai ta tura mai ta duk inda ya fi rauni. Ka toshe nan, ya ɓulla can. Bawul ɗin ba shi da tsada, a duba shi duk lokacin da mota ke zubarwa ta wuri fiye da ɗaya. Cika mai ya wuce alama shi ma haka yake yi, kuma akwai masu ganin ƙarin rabin lita alheri ne.

Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana gaggauta bushewar roba. Motar da ta yi shekara goma sha biyar a sanyin Turai ba ta ɗiga ba, in ta fara bayan bazara ɗaya a Yamai ba abin mamaki ba ne.

Yaya zan yi ciniki ba tare da an ɓata ba?

Ka raba kuɗin kaya da ladan aiki tun farko, a rubuta. Magana irin wannan ba ta ɓata wa kowa rai:

“Patron, don Allah rubuta min kayan daban, aikinka daban.”

“Alhaji, ai ba a haka tsakaninmu.”

“Saboda tsakanin namu ne, Malam. In an buɗe ka ga wani abu, ka kira ni kafin ka taɓa. Tsofaffin kuma a ajiye min.”

A rubuta da lamba kuma da sefa, don a baki wani na ƙirga dala wani na ƙirga faran, “ɗari biyar” ɗin wani jika biyu da rabi ce. In kai ka sayo kayan da kanka, ka sani makanike zai ce ba ruwansa in roba ta ba da kunya, kuma yana da gaskiya. Mafi sauƙi ku je kantin tare, ko ya zaɓa kai ka biya. Kada kuma ka matse ladan aiki har ya koma ba komai. Makaniken da aka matse, yaronsa zai bar wa aikin, shi ya tafi kan motar da ta biya.

Zan tafi Tawa, mota na ɗan ɗiga. In kama hanya?

Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne, ta Doso da Dogondutsi da Birnin Ƙonni, sannan a karkata arewa a Tsarnawa. Yoyon da ke ɗigo biyu a cikin gari yakan ninka a doguwar tafiya, don mai ya yi zafi ya tsinke kuma inji na juyi da sauri awa da awanni. In na bwat otomatik ne, a gyara kafin a tashi. In na inji ne kuma kaɗan ne, ka cika daidai alama, ka ɗauki lita 2 irin wanda ke ciki, ka auna a Doso bayan kusan kilomita 140, a wuri mai daidai, inji a kashe na ƴan mintoci. Abin da ka gani a nan zai gaya maka ko ka ci gaba ko ka nemi garaji. Ka lura da tudun rage gudu a mashigar garuruwa, mota mai kaya in ta dira a kansu kartar ne ke fara sha.

In jar fitilar mai ta kama ana cikin gudu, ka sauka gefe ka kashe nan take, ko da gari na hange. Ba cewa take mai ya ragu ba, cewa take matsi ya tafi, kuma inji ba ya jure minti kaɗan a haka.

Zan sayi mota okaziyon. Me zan duba?

Injin da aka wanke yana ƙyalli ranar da za ka gani, ka tambayi dalili. Ka yi tafiya da ita ta yi zafi sosai, ka tsaya a kan siminti, ka leƙa ƙasa da tocila. Ka ja sandar bwat ka goga a farar takarda: ja mai haske lafiya, baƙi mai warin ƙuna kuwa ka rage kuɗin bwat daga farashin ko ka haƙura da motar.

Tsohon man da aka zubar, ina za a kai shi?

A tara shi a bido mai murfi a bar wa garaji ko gidan mai da ke karɓa. Kada a tuttula shi a kwata ko a bayan gida. Kwatocin Yamai da damina kogi suke nufa, inda masu lambu ke ban ruwa, masunta ke jefa taru. Kada kuma a bar shi a buɗaɗɗen kwano inda yara da dabbobi ke kai-komo.